Tambayi Mai Gyara: Mosfet Yana Ƙonewa, 555 Tana Bin Sa

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da talabijin mai ƙeya ta bar ɗakunan mutane ta koma hannun 'yan gwangwan, filaibak, wato taransifomar da ke tayar da babbar wuta a cikinta, ya yi arha a garin nan, yara masu son haɗe-haɗe kuma suka samu abin yi. Wasiƙun da na zaɓo yau duk a kansa suke, shi da 'yar ƙaramar ayisin (IC) nan mai ƙafa takwas da ke ba da bugun wuta, wato 555. Ta farko za ta ci mana wuri, don amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Baba mai gyara, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina karatun lantarki. Na haɗa 555 da mosfet IRFZ44N, taransistan da ke buɗe wa wuta hanya yana rufewa, don in tayar da filaibak ɗin da na ciro daga tsohuwar talabijin ɗinmu. Na naɗa waya zagaye goma a jikin baƙin ƙarfen da ke gefensa, ina ba shi wuta da batirin bolt 12. Rizistona na farko 1k ne, na biyu 3.3k, kafasta kuma an rubuta 104 a jikinta. Duka a kan allon gwaji mai ramuka na jera su. In na kunna sai in ji wata ƙara mai tsini, tartsatsin bai wuce milimita biyu ba, kafin in ƙirga goma mosfet ya yi zafi ya mutu. In na canza shi sai in tarar 555 ma ta tafi. Wani abokina ya ce in sa dayod 1N4007 a kan naɗin. Na sa, tartsatsin ya ɓace gaba ɗaya, dayod ɗin kuma ya ɗau zafi. Wani ya ce 555 ɗin ce jabu. Kuɗina sun ƙare a Sabon Gari, Baba. Ina matsalar take?
Wani ɗalibi, Ɗorayi.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin ka rubuto lambar kowane abu, kuma a cikin lambobin nan bakin zaren yake. Amma kafin komai, ka dakata da sayen kaya. Duk abin da ya ƙone, wani abu ne ya ƙone shi. In ka cire gawar ka sa sabo ba ka nemo mai kisan ba, sabon ma hanyar zai bi.

Ka sake wa 555 mara. Jabu na nan a kasuwa, ban musa ba, amma wannan ayisin tana cikin mafi juriya da na taɓa riƙewa. Wani injiniya mai suna Hans Camenzind ne ya tsara ta a 1971, kamfanin Signetics ya fito da ita kasuwa a 1972, kuma har yau ana buga ta ba a daina ba. Tana aiki daga bolt 4.5 zuwa 16, ƙafarta ta uku tana iya bayar da miliamp 200. A wajenka ba ita ke kashe kanta ba, kashe ta ake yi. Zan nuna maka yadda.

Mu fara da kafastar nan mai 104. Lambobi biyun farko adadi ne, na ukun kuma yawan sifirin da za ka jera a bayansu. Ke nan 104 na nufin 100,000 na fikofarad, wato nanofarad 100. Wadda haɗinka ke bukata 103 ce, nanofarad 10. A ido kamarsu ɗaya, kuma mai shago in yana cikin hada-hada zai iya miƙo maka wannan a madadin waccan. Yanzu ɗauko biro. Saurin bugun 555 ana samunsa ne in aka raba 1.44 da abin da ya fito bayan ka haɗa rizisto na farko da na biyu sau biyu, ka ninka da kafasta. Naka 1,000 ne a haɗa da 6,600, ya ba da 7,600. Da 103, bugun zai kai kusan 19,000 a daƙiƙa. Da 104 ɗinka, 1,900 kawai yake yi. Ƙarar da kake ji shaida ce: 1,900 a tsakiyar jin ɗan Adam take. Ita talabijin ɗin da ka ciro filaibak daga cikinta, a tsarin da muke amfani da shi a Najeriya, sau 15,625 take buga shi a daƙiƙa. Shi ya sa yara kan ji wani siririn sauti in an kunna talabijin mai ƙeya, mu manya ba ma ji. A kan irin wannan saurin aka gina filaibak.

Me zai faru in aka buga shi a hankali? Duk lokacin da mosfet ya buɗe wa wuta hanya, wutar da ke ratsa naɗinka ba tsaye take ba, hawa take yi. Mu ɗauka zagaye goman nan naka sun ba da maikirohenri 30 a ma'aunin naɗi, abin da bai yi nisa da gaskiya ba. A bolt 12, wutar za ta riƙa ƙaruwa da amp 0.4 a kowace maikirodaƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Da 103, mosfet na zama a buɗe maikirodaƙiƙa 30, wutar ta kai amp 12 a rufe. Da 104 kuwa maikirodaƙiƙa 300 yake yi, lissafi ya ce amp 120. Tun kafin a je nan baƙin ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, ya daina riƙe komai, naɗin ya koma guntun waya kurum tsakanin kan batir da mosfet. Shot ke nan, sau 1,900 a kowace daƙiƙa. Zafin da ka ji daga nan yake.

To amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ko ka gyara kafasta, IRFZ44N zai ci gaba da mutuwa, sai dai ya ɗan ƙara jimawa. Ka taɓa lura da kurar 'yan ga-ruwa cike da jarkoki? Da ƙyar take tashi, amma in ta ɗau gudu ka tare ta farat ɗaya, duk nauyin nan a ƙirjinka zai sauka. Haka wuta take a cikin naɗi. In mosfet ya rufe ƙofa a take, wutar ba ta yarda ta tsaya, sai ta tayar da bolt mai yawa a kan ƙafar diren, ɗaya daga ƙafafun mosfet uku, sauran su ne get da sos. Wannan dukan shi ne asalin aikin filaibak, shi ake ninkawa a ɗaya ɓangaren ya zama dubban bolt. Ba cuta ba ce da za a kawar, abu ne da za a yi wa linzami. Mu da muka yi zamanin gyaran talabijin mun san girmansa: wutar da ke shiga filaibak ba ta wuce bolt 110 zuwa 130 ba, amma taransistan da ke buga shi, irin su BU508 da D1555, na bolt 1,500 ake sawa, don dukan yakan kai wajen dubu. Kusan ninki takwas ke nan. Ninka bolt 12 ɗinka sau takwas, ka doshi ɗari. Shi kuwa IRFZ44N iyakarsa bolt 55. Mosfet ne mai kyau, masu haɗa inbata sun san darajarsa, amma nan ba gurbinsa ba ne.

Ga kuma yadda 555 ke tafiya. Mosfet in zai mutu, sau da yawa cikinsa kan narke ne, diren ya haɗe da get. Get kuwa a haɗe yake da ƙafa ta uku ta 555. Ta wannan hanyar dukan ke shiga ya same ta har gida. Akwai hanya ta biyu ma: batir ɗaya suke sha, don haka duk tsallen da wuta ta yi a kan wayar fozitif yana isa ƙafa ta takwas, ita kuma da ta wuce bolt 18 shi ke nan.

Shawarar abokinka ta dayod ba ta banza ba ce, wurinta ne ba nan ba. A kan rile, wato makunnin da naɗi ke ja da maganaɗisu, ko ƙaramar mota ana sa dayod a kan naɗi don ya shanye dukan gaba ɗaya, kuma daidai ne. A filaibak in ka shanye dukan ka shanye tartsatsin. Ga shi 1N4007 an yi shi ne don wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa, ba ya iya rufewa da saurin da ake bukata a nan, shi ya sa ya yi zafi. Cire shi.

Yanzu ga yadda nake so ka sake aikin, kuma kada ka tsallake mataki don ɗoki.

Ka cire mosfet da filaibak ka ajiye gefe, ka bar 555 ita kaɗai. Ƙafa ta ɗaya a nagatif, ta takwas da ta huɗu a fozitif, ta biyu a haɗe da ta shida, rizisto 1k daga fozitif zuwa ta bakwai, 3.3k daga ta bakwai zuwa ta shida, kafasta daga ta shida zuwa nagatif, sannan wata 103 daga ta biyar zuwa nagatif. Ka duba ƙafa ta huɗu da kyau, don yara da yawa kan bar ta a sake, ita kuma in ta ɗauki hayaniyar tartsatsi sai ta riƙa kashe ayisin tana kunnawa. A gurbin kafastar lokaci, wato ta ƙafa ta shida, ka fara sa mai maikirofarad 100, ka haɗa ƙaramin kwan LED da rizisto 1k a ƙafa ta uku. In lafiya lau take, za ka ga kwan yana ƙiftawa kusan sau biyu a daƙiƙa. Ka gani da idonka, ba ka bukatar na'ura mai tsada. Sai ka zare ta ka sa 103, ka ɗora mita a ƙafa ta uku. Ya kamata ka ga wajen bolt 6, wato tsaka-tsaki, don bugun ya fi ƙarfin mita ta bi shi. In ka ga sifiri, ko ka ga ta maƙale a 10 zuwa 11, ba ta bugu, kuma in a 10 zuwa 11 ta maƙale ka haɗa mosfet a haka, zai zauna a buɗe ya ƙone nan take.

Sai ka yi mata katanga. Daga fozitif na batir ka bi ta dayod 1N4007, ga inda zai yi maka amfani, sannan rizisto mai om 22, kafin wutar ta isa ƙafa ta takwas. A nan ka sa kafasta mai maikirofarad 470, da zena, wato dayod mai hana bolt wuce iyaka, mai bolt 15 zuwa nagatif, da 104 ɗinka a manne da ƙafa ta takwas da ta ɗaya, ƙafafunta a gajarce. Tsakanin ƙafa ta uku da get ka sa rizisto mai om 10 zuwa 22. Daga get zuwa sos ka sa 10k, don in 555 ta yi shiru mosfet ya rufe da kansa, ka ƙara da wani zena mai bolt 15 a gefensa. Get ba ya jure fiye da bolt 20. Kada kuma ka ce za ka rage wa 555 wuta zuwa bolt 5 don ka kare ta. Abin da take fitarwa yakan gaza abin da aka ba ta da kusan bolt ɗaya da rabi, mosfet irin waɗannan kuma sai get ya samu wajen bolt 10 suke buɗewa sosai. Mosfet mai rabin buɗewa ya fi kowanne zafi.

Mosfet ɗin da za ka nema shi ne IRFP250, mai bolt 200 da amp 30. In bai samu ba, IRF640 ma bolt 200 ne, amp 18. IRFP460 yana jure bolt 500, sai dai ya fi su ɗaukar zafi a irin wannan ƙaramar wuta. Kafin ka liƙa shi, ka juya mita zuwa gwajin dayod, ka haɗe ƙafafunsa uku da ɗan ƙarfe don ya sauke abin da ya riƙe, ka auna diren da sos. Ta fuska ɗaya za ka ga wajen 0.5, ta ɗaya fuskar babu komai. In ta yi ƙara ta kowace fuska, matacce ne. Ka ɗaure shi a farantin alminiyam mai faɗi, ka shafa farin man nan a tsakaninsu. Tsofaffin fanel na talabijin da na kwamfuta cike suke da irin farantin, ba sai ka saya ba. Linzamin da na ce kuwa kafasta ce daga diren zuwa sos, mai lamba 224, amma irin ta leda mai jure bolt 400 ko 630, ba 'yar ƙaramar ta ƙasa ba. Ita za ta tausasa dukan ya tsaya ƙasa da abin da mosfet zai iya ɗauka, ba tare da ta kashe shi ba.

Allon gwaji mai ramuka kuma ka bar wa 555 shi. 'Yan ƙarafan da ke cikin ramukan nan ba a yi su don amp biyar ko goma ba, suna zafi su saki, get ya rasa riƙo. Hanyar babbar wuta, daga batir zuwa naɗi zuwa diren, daga sos zuwa nagatif, ka yi ta da waya mai kauri irin ta wayarin ɗin gida, gajera, a liƙe da dalma. Nagatif na 555 ka kai shi kai tsaye ƙafar sos. Ka ƙara babbar kafasta mai maikirofarad 2,200 ko fiye dab da naɗin, ka sa fis mai amp 5 a bakin batir. Batirin nan ƙarami ne a ido, amma in aka yi masa shot yana iya mayar da waya ja.

Ranar gwajin farko ka yi abin da kowane mai gyara ke yi: ka sa kwan fitila a layi. Kwan babbar fitilar mota mai wat 55 ba ya barin abin da ya wuce amp huɗu da rabi ya ratsa. Ka sa shi tsakanin batir da naɗi. In ya yi ja kaɗan, kana kan hanya. In ya haska tar, kashe, akwai shot, kuma mosfet ɗinka na nan da ransa. Ina kuma son ka fara da sauƙi: ka ɗora dayod 1N4148 a kan rizisto 3.3k, ɓangaren mai zobe yana kallon ƙafa ta shida. Wannan zai gajarce lokacin buɗewar mosfet zuwa ƙasa da maikirodaƙiƙa 10. In komai ya yi sanyi, sai ka ɗaga rizisto na farko zuwa 2.2k ka ga yadda tartsatsi zai ƙaru. In za ka sa rizisto mai murɗawa a wurin, ka bar 1k a layi da shi, don in ya sauka sifiri ƙafa ta bakwai za ta haɗa fozitif da nagatif kai tsaye.

In duk ka yi wannan tartsatsi bai fito sosai ba, ka musanya bakin naɗin biyu. Filaibak na talabijin mai kala yana da dayod a binne a cikinsa, fuska ɗaya kawai yake bari wuta ta fita, don haka in naɗinka ya juya baya dukan ba ya wucewa. Ka duba kuma baƙin ƙarfen. Gida biyu ne, da wata siririyar leda a mahaɗarsu. In ta faɗi, ko ƙarfen ya tsage wajen cirowa, ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Sannan kada ka taɓa kunna shi jar wayar nan da babbar wuta ke fita ta cikinta tana rataye ba ta da inda za ta yi tsalle. Wutar za ta nemi hanya ta cikin naɗin ta huda shi, kuma filaibak in ya hudu ta ciki ba ya gyaruwa. Ka nemo ƙafar da ke ƙasa wadda tartsatsi ke son faɗawa, ka liƙa mata waya, ka kafa bakinta santimita ɗaya daga jar wayar tun kafin ka ba da wuta.

Ɗana, abin da zan faɗa yanzu ya fi duk na baya. A cikin talabijin mai kala wannan abin bolt 25,000 yake fitarwa, wani ma ya fi. A kan teburinka ma zai iya haura dubu goma. Ka kafa komai a kan busasshen katako, ka ja baya, sannan ka kunna daga wajen batir. Ba a gyara tazarar waya da hannu wuta na kunne. In ka kashe, ka ɗauki doguwar sandar roba ka tura jar wayar da ita har ta taɓa ƙafar ƙasa, domin yakan riƙe caji bayan an kashe. Hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe. Jarkar fetur ta janareto ta bar ɗakin, wayar hannunka ma ta yi nisa. Kada ka yi kai kaɗai, kuma wanda ke tare da kai ya san wayar da zai fizge. Ƙannenka kuwa kada su san inda kake ajiye shi. In ka gama ka rubuto mini, ina son in ji tsawon da ya kai da kuma ko farantin yana taɓuwa bayan minti ɗaya.

TAMBAYA: Oga, nawa yana aiki, amma na ɗora mita a kan jar wayar don in san bolt nawa yake bayarwa, mitar ta mutu. Kuma tun da damina ta shigo yake wani huci, ga wari, tartsatsin ya ragu.
Wani mai koyon gyara, Kurna.

AMSA: Ƙanena, ka gode wa Allah mita ce ta tafi ba kai ba, don robar wayoyinta ba ta tare irin wannan wutar. Dubi goshinta, za ka ga an rubuta 600 ko 1,000, iyakarta ke nan. Masu gyaran talabijin suna da wata doguwar sanda ta musamman mai rizisto a ciki da ake aunawa da ita. In ba ka da ita, tsawon tartsatsi ya ishe ka kimantawa: tsakanin bakin waya biyu masu tsini, kowace milimita kusan bolt dubu ce wajen fara tsalle. Tsakanin ƙarafa masu santsi da faɗi kuwa ta kai dubu uku.

Hucin da kake ji wuta ce ke tsiyaya cikin iska. Ƙurar hunturu ta kwanta a jikin filaibak, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama hanya. Kashe fitila da dare ka duba daga nesa, za ka ga wani shuɗin haske a inda take zuba. Warin kuma iskar ozon ce, tana cin maƙogwaro da huhu, don haka ka buɗe taga. Ka kashe, ka sauke cajin, ka goge jikinsa da sifirit, ka shanya shi ya bushe sarai, ka toshe sauran ƙafafun ƙasa da silikon. In ka ga wani baƙin layi ya ƙone a jikin robar, ka kankare shi tas kafin ka shafa, don gawayi ne, wuta na bin sa.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Na so in nuna wa ɗalibaina yadda ƙaramar wuta ke zama babba. Na haɗa 555 da 2N3055 da ɗan batirin nan mai bolt 9, ko motsi bai yi ba.
Wata malama, Gwammaja.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri, irin wannan koyarwar ce ke zama a kan yaro. Matsalarki biyu ce. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu ba ya iya bayar da amp ko ɗaya na kirki, da an ja shi sai ya durƙushe, 555 ta rasa abin sha. Shi kuma 2N3055, don ya wuce da amp huɗu yana iya neman miliamp 200 a ƙafar bes, wadda 555 ke kunna shi da ita, wato duk ƙarfin 555, ga shi da nauyin jiki wajen rufewa, iyakarsa kuma bolt 60.

Amma shawarata ita ce kada ki kai filaibak cikin aji. Yara arba'in ko hamsin, ba za ki iya tsare hannun kowa ba. Ga abin da zai nuna darasin nan ba tare da fargaba ba. Ki samo rile mai bolt 12, da ɗan kwan niyon irin wanda ke cikin makunnin soket mai jan haske, ki cire rizistan da ke jikinsa, ki haɗa kwan a kan ƙafafun naɗin rile. Niyon ba ya kamawa sai wuta ta kai wajen bolt 60 zuwa 90. Ki taɓa batirin bolt 9 a naɗin: kwan ba zai yi komai ba. Ki janye: zai yi walƙiya. Sai ki tambaye su daga ina bolt 60 ya fito alhali batirin 9 ne, kuma me ya sa sai an janye. Ki rufe tagogi don su gani sosai, ki bar kowace ta gwada da hannunta tana riƙe da robar waya.

TAMBAYA: Malam, ina kiwon kaji da awaki a bayan gida, ɓarayi da muzuru sun dame ni. Yarona ya ce zai haɗa mini irin wannan abin a jikin wayar katanga. Ya ma samo taransifomar tsohuwar na'urar ɗumama abinci, ya ce ta fi ƙarfi. Me ka gani?
Wani magidanci, Rijiyar Zaki.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, asarar dabba akwai ciwo. Amma don girman Allah kada ka bari a yi wannan, kuma taransifomar nan ka karɓe ta daga hannun yaron yau, kada ta kwana a ɗakinsa. Ya yi gaskiya da ya ce ta fi ƙarfi. Bolt wajen 2,000 take bayarwa, da wutar da ta kai rabin amp. Abin da ke hana mutum sakin waya in ta kama shi bai wuce miliamp 10 zuwa 20 ba, na'urar kare rai da ake sawa a gidaje kuma a miliamp 30 take yankewa. Rabin amp miliamp 500 ne. Wanda ya taɓa ta ba ya samun damar yin ihu.

Na'urar katanga ta gaskiya da ake sayarwa ba haka take aiki ba. Duka ɗaya take yi a kusan kowace daƙiƙa, gajere ƙwarai, da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan ta yi shiru don wanda ya taɓa ya samu ya janye. Haɗin 555 da filaibak bugu yake yi ba tsayawa, babu wannan tazarar, ga tartsatsi kusa da harawa da buhunan dusa. Kuma waya ba ta san ɓarawo ba. Yaron maƙota da ƙwallonsa ta faɗa gidanka, almajirin da ya jingina yana jiran sadaka, jikanka da ya fito da asuba, duk ɗaya ne a wajenta. Rai in ya salwanta a katangarka, kai za a tambaya, a gaban hukuma da gaban Allah.

Tun da yaron yana da hannu, ga aikin da zan ba shi, da 555 ɗin nan dai. Ya haɗa ta da rizisto 1k da 3.3k da kafasta 104, ya kai ƙafa ta uku ga ƙaramar lasifika ta cikin kafasta mai maikirofarad 100. Ƙafa ta huɗu ya ɗaga ta zuwa fozitif da rizisto 10k, sannan daga ita ya ja siririyar waya irin ta naɗin fanka, ya zagaye katanga da ƙofar garke da ita, ya dawo da bakinta nagatif. Muddin wayar na nan, ƙafa ta huɗu tana ƙasa, ayisin tana shiru. Da an tsinka ta sai ƙara ta tashi. Bolt 12 ne kawai a jikinta, ko jariri ya riƙe ba abin da zai ji. Ya ƙara wata 104 daga ƙafa ta huɗu zuwa nagatif, don doguwar waya takan kwaso hayaniya lokacin hadari. In ƙarar lasifika ta yi maka kaɗan, ya sa babbar kafasta a gurbin ta lokaci, ƙafa ta uku ta ja rile, rile ya kunna ham ɗin babur, a nan kuma dole ya ɗora 1N4007 a kan naɗin rilen. Muzuru kuwa ragar waya mai ƙananan ido ce maganinsa, har ta saman akurki. Haɗin gaba ɗaya wajen miliamp 20 yake sha in yana jira, don haka batir mai lamba 7Ah zai yi maka kusan mako biyu kafin a sake yi masa caji.